Zama a Ingila ko Tafiya Ostareliya: Kwatancin Hanyar Kevin Sinfield da ta Sam Burgess

Duk matashin da ya fara yin fice a wasan zari-ruga na mutum 13 a arewacin Ingila, ba a daɗewa wakilinsa zai zo masa da tambaya guda: zai sabunta kwantiraginsa ya ci gaba da wasa a gasar Super League, ko kuwa zai karɓi tayin wata ƙungiya ta gasar NRL ya tattara ya koma Ostareliya? Waɗannan gasa biyu su ne manyan gasannin ƙwararru a wannan wasa da ake kira Rugby League, kuma kowace tana da masu kare ta da hujja mai ƙarfi. Masu cewa a tafi suna da karin maganarsu, cewa zama wuri ɗaya tsautsayi ne in ji kifi, masu cewa a zauna kuma suna tunatar da cewa kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Karin magana ba ta raba irin wannan gardama, saboda haka ya fi amfani a ɗora rayuwar 'yan wasa biyu a kan sikeli: Kevin Sinfield, wanda ya yi dukan zamaninsa a ƙungiyar Leeds Rhinos, da Sam Burgess, wanda ya bar Bradford Bulls a ƙarshen 2009 ya koma South Sydney Rabbitohs. Dukansu sun yi wa Ingila kyaftin, kuma sun buga mata wasa tare.

Kafin a shiga kwatancin, akwai buƙatar a fahimci yadda aiki ya rabu a cikin fili, domin rabin amsar tana nan. A wannan wasa, wanda ya ɓalle daga zari-ruga na mutum 15 a garin Huddersfield a 1895, ƙungiyar da ke riƙe da ƙwallo tana da damar a kayar da 'yan wasanta sau shida kafin ƙwallon ta koma hannun abokan hamayya, dire ƙwallo a bayan layi yana kawo maki 4, bugun da ke biyo baya kuma maki 2. Akwai ƙartin gaba, waɗanda aikinsu shi ne su ɗauki ƙwallo su afka cikin bangon mutane don cin mita takwas ko goma, sannan su juyo su tare ƙartin ɗaya ɓangaren. Akwai kuma masu tsara wasa, waɗanda suke yanke shawarar inda za a kai hari, wa za a miƙa wa ƙwallo, da lokacin da za a buga ta da ƙafa. Burgess na cikin kashin farko, Sinfield kuwa, ko da yake ya daɗe yana saka lamba 13 kamar Burgess, ainihin sana'arsa ita ce tsara wasa da bugu.

An haifi Sinfield a Oldham a 1980, ya fara buga wa babbar ƙungiyar Leeds wasa a 1997 yana ɗan shekara 16, aka kuma ba shi kyaftin tun daga kakar 2003. Lokacin da ya ajiye wasan a ƙarshen 2015, ya buga wa ƙungiyar wasa 521, ya ci mata maki 3,967, adadin da babu wanda ya taɓa kaiwa a tarihinta. A ƙarƙashin jagorancinsa Leeds ta ɗauki kofin Super League sau bakwai, a 2004, 2007, 2008, 2009, 2011, 2012 da 2015, kuma na farkon ya zo ne bayan shekara 32 rabonta da zama zakarar ƙasa. Ta ɗauki kofin Challenge Cup a 2014 da 2015, ta kuma doke zakarun Ostareliya sau uku a karawar da ake kira World Club Challenge: Canterbury Bulldogs a 2005, Melbourne Storm a 2008, da Manly a 2012. Wasansa na ƙarshe shi ne na ɗaukar kofin Super League da Wigan a filin Old Trafford, inda bugunsa ya raba gardama aka tashi 22 da 20, Leeds ta haɗa kofuna uku a kaka guda.

Abin da jerin kofunan nan yake ɓoyewa shi ne yawan haƙurin da ƙungiyar ta yi da shi, kuma a ganina wannan shi ne babban ribar zama gida. A wasan ƙarshe na Challenge Cup na 2003 a Cardiff, Bradford na gaba da maki biyu, lokaci ya kusa ƙarewa, sai alƙalin wasa ya ba Leeds bugun tara a wurin da Sinfield zai iya cin maki biyu a yi kunnen doki. Sabon kyaftin ɗin, mai shekara 22, ya ƙi bugawa, ya zaɓi a kai hari da hannu don neman nasara kai tsaye. Harin bai yi nasara ba, Leeds ta sha kashi 22 da 20, aka yi ta sukarsa. Bayan wannan ya sake jagorantar ƙungiyar zuwa wasan ƙarshe na kofin nan sau huɗu, a 2005, 2010, 2011 da 2012, duka ana doke su, kafin ya samu ya ɗaga shi a karo na shida. Da wuya baƙon da aka ɗauko daga wata nahiya da albashi mai tsoka ya samu shekara goma sha ɗaya na irin wannan uzuri. Ɗan gida da magoya baya suka gani tun yana yaro shi ake yi wa haka, kuma mai tsara wasa yana buƙatar wannan lokacin fiye da kowa, domin gwanintarsa tana ginuwa ne a kan sanin abokan wasansa. Sinfield ya shafe fiye da shekara goma yana wasa da Danny McGuire da Rob Burrow da Jamie Jones-Buchanan, waɗanda duka suka taso a makarantar horon Leeds, har ya kai kowa ya san inda ɗan uwansa zai tsaya ba tare da an yi magana ba.

Hanyar Burgess ta fi gajarta, ta kuma fi zafi. An haife shi a yankin Yorkshire ta Yamma a Disamba 1988, ya fara buga wa Bradford a 2006, kuma a 2007, yana ɗan shekara 18, aka saka shi cikin tawagar Birtaniya da ta kara da Niyu Zilan, inda karon da ya yi da Fuifui Moimoi ya sa aka san sunansa har a ƙetare. A wasan ƙarshe na gasar ƙasashe huɗu ta 2009 a filin Elland Road ya dire ƙwallo sau biyu a bayan layin Ostareliya, duk da cewa Ingila ta sha kashi 46 da 16. A wannan shekarar ne fitaccen ɗan fim Russell Crowe, ɗaya daga cikin masu mallakar South Sydney, ya shawo kansa da bakinsa ya sa hannu a kwantiragi. Ƙungiyar da ya je wa tsohuwa ce mai tarihi, amma rabonta da kofi tun 1971, har ma an taɓa cire ta daga gasar a ƙarshen 1999 sai da magoya bayanta suka yi zanga-zanga aka kuma je kotu kafin a mayar da ita a 2002. Wannan yana da muhimmanci ga mai neman shawara, domin Burgess bai je ya zama cikon benci a ƙungiyar da ta riga ta ƙoshi ba, ya je inda ake shirin gina tawaga a kansa.

Ranar da ta tabbatar da sunansa ita ce ta wasan ƙarshe na 2014 da Canterbury, a gaban 'yan kallo fiye da dubu 83 a Sydney. Da aka take wasa, ƙwallon farko ta zo hannunsa, ya ruga da ita ya yi karo da ɗan ƙasarsu James Graham, kansu ya haɗu, ƙashin kuncinsa ya karye a daƙiƙun farko. Bai fita ba. Ya buga minti 80 cif, fuskarsa na kumbura har idon ya kusa rufewa, South Sydney ta yi nasara da ci 30 da 6, ta kawo ƙarshen jiran shekara 43, aka ba shi lambar yabo ta Clive Churchill ta gwarzon wasan ƙarshe. Tsofaffin magoya bayan ƙungiyar sun tuna da John Sattler, kyaftin ɗinsu da ya buga wasan ƙarshe na 1970 da karyayyen muƙamuƙi. Da ƙa'idojin duba bugun kai da ake bi a yau, akwai alamar likitoci ba za su bari ya ci gaba ba, kuma bai kamata wani matashi ya ɗauki wannan a matsayin abin koyi ba, amma a idon jama'ar Ostareliya wannan dare guda ya ba shi matsayin da 'yan wasan Ingila ƙalilan ne suka taɓa samu a can.

To, yaya za a auna kofi bakwai da kofi guda? Mai kallon lissafi kawai zai ce babu haɗi, sai dai kofunan ba nauyinsu ɗaya ba. Daga 1996 da aka fara Super League har zuwa 2024, ƙungiyoyi huɗu kacal suka taɓa ɗaukar kofin: St Helens, Bradford, Wigan da Leeds. A NRL kuwa, daga 1998 zuwa 2016, ƙungiyoyi 12 daban-daban ne suka zama zakara. Ma'anar wannan ita ce, ɗan wasan da ya samu gurbi a ɗaya daga cikin manyan ƙungiyoyin Ingila kusan ya tabbata zai riƙa zuwa wasan ƙarshe a kai a kai, alhali a Ostareliya gwani yana iya shafe shekara goma bai taɓa kofi ba. James Graham misali ne: ya yi kaka tara a NRL, ya kai wasan ƙarshe sau biyu, a 2012 da 2014, bai ci ko ɗaya ba. Wannan ba ya rage darajar abin da Sinfield ya yi, musamman kofunan 2011 da 2012 da Leeds ta ɗauka ta hanyar wasannin share fage bayan ta ƙare a matsayi na biyar a teburi, amma yana nuna cewa wanda burinsa shi ne tara kofuna, zama a babbar ƙungiyar gida ya fi masa tabbas nesa ba kusa ba.

Sai dai a lura da sharaɗin, wato babbar ƙungiya. Masu jefa wa matasa misalin Sinfield sau da yawa suna mantawa da tambayar wane gida ne ake cewa mutum ya zauna a ciki. Bradford da Burgess ya bari ta riga ta fara gangarowa daga ƙarfin da take da shi a farkon shekarun 2000, ba ta ma shiga wasannin share fagen ɗaukar kofi ba a 2009. A 2012 bashi ya kai ta hannun masu kula da kamfanonin da suka durƙushe, a 2014 ta faɗa gasa ta biyu, a Janairun 2017 aka rushe kamfanin gaba ɗaya kafin a kafa sabo. Da Burgess ya nace wa biyayya irin ta Sinfield, da shekarunsa mafi ƙarfi sun ƙare a fafutukar kauce wa faɗuwa da jiran albashin da bai tabbata ba. Don haka matashin da ke Wigan ko St Helens ko Leeds da matashin da ke ƙungiyar da ke rangaji, tambayar da ke gabansu ba ɗaya ba ce ko da kalmominta iri ɗaya ne.

Batun kuɗi ba ya buƙatar dogon bayani. Gasannin biyu suna da dokar da ta iyakance jimillar albashin da ƙungiya za ta biya 'yan wasanta. A Super League iyakar ta tsaya a fam miliyan 2.1 daga 2020 zuwa 2023, a NRL kuwa ta haura dalar Ostareliya miliyan 11 a 2023, wato kusan ninki uku idan aka canza kuɗin. A 2015 ƙungiyoyin Ingila sun amince da dokar fitaccen ɗan wasa, wadda ta ba su damar biyan wani gwani albashi mai yawa ba tare da a lissafa dukansa cikin iyakar ba, kuma an yi haka ne don rage kwararar taurari zuwa ƙetare. Dokar ta taimaki mutum ƙalilan a kowace ƙungiya, sauran kuwa har yanzu tayin Ostareliya ya fi nasu. Abin da ke rage wa tayin armashi shi ne tsadar haya da rayuwa a Sydney, wadda ta fi ta garuruwan arewacin Ingila sosai, saboda haka ƙaramin kwantiragi a can ba lallai ne ya fi matsakaici a gida ba.

Kuɗin yana da alaƙa da abin da ya fi shi muhimmanci, wato tsawon lokacin da jiki zai ɗauka. Sinfield ya buga kaka 19, ya bar wasan yana ɗan shekara 35 da ƙafafunsa. Burgess ya buga wa Bradford wasa 88, ya buga wa South Sydney 182, rauni ya cinye masa mafi yawan kakar 2011, kuma a Oktoban 2019, yana ɗan shekara 30, ciwon kafaɗarsa ta hagu ya tilasta masa yin ritaya, shekara guda bayan ya sa hannu a sabon kwantiragin da zai kai shi 2023. Ba daidai ba ne a ɗora wannan duka a kan NRL, tunda kakar Ingila ma tana da yawan wasanni idan aka haɗa da na kofi, kuma salon Burgess na afkawa ba tare da tausayin jikinsa ba zai gajarta zamaninsa ko a ina yake. Darasin da ke ciki shi ne na lissafi: ƙaton gaba jarinsa jikinsa ne, jarin kuma yana ƙarewa da wuri, saboda haka yana da dalili mai ƙarfi na sayar da shekarunsa shida ko bakwai mafi kyau a kasuwar da ta fi biya. Mai tsara wasa da bugu darajarsa tana ƙaruwa ne da shekaru, kuma babu abin da ke korarsa.

Tarihin sauran 'yan Ingila da suka tafi ya goyi bayan wannan rabo, ko da yake ba ɗari bisa ɗari ba. Waɗanda suka yi suna a can galibinsu ƙartin gaba ne: Adrian Morley, wanda ya ɗauki kofi da Sydney Roosters a 2002, Gareth Ellis a Wests Tigers daga 2009 zuwa 2012, Graham, 'yan uwan Burgess, sai Elliott Whitehead da John Bateman, waɗanda tare da Josh Hodgson suka kai Canberra wasan ƙarshe na 2019. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Aikin karo da tarewa iri ɗaya ne a ko'ina, wanda ya iya shi a Bradford zai iya shi a Sydney daga makon farko, kuma yanayin sanyi da laka na arewacin Ingila ya daɗe yana fitar da masu irin wannan juriya. Masu gudu da masu tsara wasa kuwa sun fi shan wahala. Sam Tomkins ya je New Zealand Warriors a 2014 a matsayin tauraron Super League, a kan kuɗin sayen da ya kafa tarihi, amma bayan kaka biyu ya koma Wigan kafin kwantiraginsa ya cika. Joe Burgess, wanda ba ɗan uwan Sam ba ne, kaka guda ya yi a 2016 ya dawo. Hodgson, mai raba ƙwallo daga tsakiya, da Gareth Widdop sun nuna cewa mai tsara wasa ma yana iya yin nasara, sai dai Widdop tun yana matashi iyalinsa suka yi ƙaura zuwa Melbourne, a can aka horar da shi.

A fagen wasan ƙasa da ƙasa ne masu cewa a tafi suke da hujjar da suka fi so, wato cewa Ingila ba za ta doke Ostareliya ba sai 'yan wasanta sun saba karawa da 'yan Ostareliya kowane mako. Rabon Birtaniya da cin jerin wasannin Ashes, wato karawarta da Ostareliya, tun 1970, rabonta da kofin duniya tun 1972. Sinfield ya buga wa Birtaniya wasa 14, Ingila 26, Burgess kuma ya buga wa Birtaniya 2, Ingila 24, kuma babu ɗayansu da ya ɗaga babban kofi da rigar ƙasa. Wasan da ya fi nuna su tare shi ne na kusa da ƙarshe a gasar kofin duniya ta 2013 da Niyu Zilan a Wembley. Burgess ya kasance gwarzon wasan, shi ya dire ƙwallon da ta sa Ingila gaba 18 da 14, kuma Sinfield, kyaftin, shi ya miƙa masa ita. Saura daƙiƙa kusan 20 a tashi, Sinfield ya fito da sauri daga layin tsaro don ya tare Shaun Johnson, Johnson ya kauce masa ya dire ƙwallo, ya kuma buga ta shiga, aka tashi 20 da 18. Shekara huɗu bayan haka, a Brisbane, Burgess ne ya riƙe kyaftin a wasan ƙarshe saboda raunin Sean O'Loughlin, tawagar na ɗauke da 'yan NRL da dama, Ostareliya ta doke su 6 da nema. Tazarar ta ragu ƙwarai idan aka kwatanta da 46 da 16 na 2009, kuma ina ganin zuwan ƙartin gaba NRL yana da hannu a ciki, amma kofin bai zo ba.

Inda bambancin ya fito fili shi ne a wajen ƙima. A 2012 aka ba Sinfield kyautar Golden Boot ta gwarzon ɗan wasan duniya, bayan kakar da ya ɗauki World Club Challenge da Super League ya kuma zama gwarzon wasan ƙarshe, amma a Ostareliya masu sharhi da yawa sun yi wa zaɓin ba'a, suna cewa bai taɓa gwada kansa a gasarsu ba, Ingila kuma Wales da Faransa kawai ta kara da su a gasar ƙarshen wannan shekara. Da aka ba Burgess kyautar gwarzon ɗan wasan duniya ta hukumar wasan ta ƙasa da ƙasa a 2014, ba a ji irin wannan ƙorafi ba. Sukar da aka yi wa Sinfield tana da son kai a ciki, tunda ya doke zakarunsu sau uku, amma su ma suna da amsa, cewa a Ingila aka buga wasannin, a farkon shekara kafin kakarsu ta fara. Wanda ya zaɓi zama gida ya san cewa wannan alamar tambaya za ta bi shi har ƙarshe, komai yawan kofunansa.

Dukansu biyu sun leƙa zari-ruga na mutum 15, kuma abin da ya faru da Burgess gargaɗi ne na daban. Ya koma ƙungiyar Bath ta Ingila bayan kofin 2014, ƙungiyar ta fi amfani da shi a cikin 'yan gaba, tawagar Ingila kuma ta saka shi a tsakiyar 'yan baya, aka jefa shi gasar kofin duniya ta 2015 bai cika shekara guda a wasan ba. Da Ingila ta fita tun zagayen rukuni a gidanta, aka ɗora masa laifin da ya fi ƙarfin rabonsa, ya koma South Sydney a Nuwamban wannan shekara. Sinfield ya jira sai da ya gama komai, sannan ya yi kaka guda a Yorkshire Carnegie ba tare da wani matsin lamba ba.

Akwai kuma batun iyali, wanda wakilai ba su cika saka shi a lissafi ba alhali shi ne ya fi dawo da mutane gida. Tafiya tsakanin Ingila da Sydney tana cin kusan yini guda cur a jirgi, saboda haka babu zancen leƙa gida a ƙarshen mako. Burgess ya rasa mahaifinsa, Mark, a 2007 sakamakon cutar MND mai kashe jijiyoyin motsi, kuma abin da ya sa zamansa a Ostareliya ya yi ƙarko shi ne gidan gaba ɗaya ya biyo shi: yayansa Luke, ƙannensa tagwaye George da Tom, da mahaifiyarsu. A 2013 su huɗun suka buga wa South Sydney wasa guda tare, abin da ba a gani ba a babbar gasar Ostareliya tun 1910. 'Yan wasa ƙalilan ne za su samu haka. George Williams yana wasa da kyau a Canberra, amma a tsakiyar 2021, lokacin da annobar korona ta rufe iyakoki, kewar gida ta sa suka rabu da ƙungiyar ya koma Ingila. Sinfield kuwa bai taɓa nisa da Oldham ba, kuma zumuncin da ya gina a Leeds shi ne ya fito fili bayan an gano Rob Burrow yana ɗauke da MND a Disamban 2019, inda ya yi gudun fanfalaki bakwai a kwana bakwai a 2020 ya kuma ci gaba da tara miliyoyin fam don yaƙi da cutar.

A da akwai hanya ta uku. Lokacin da ake buga gasar Ingila a hunturu, ɗan wasa yana iya gama kakarsa ya tafi Sydney ya yi 'yan watanni ya dawo. Martin Offiah, wanda aka haifa a Landan ga iyaye 'yan Najeriya, ya yi haka da Eastern Suburbs a 1989 da 1993 da kuma St George a 1991, ba tare da ya bar Widnes ko Wigan ba, Ellery Hanley kuma ya kai Balmain wasan ƙarshe a 1988. Wannan ƙofa ta rufe a 1996 da aka mayar da gasar Ingila lokacin bazara, kakannin biyu suka riƙa tafiya tare daga Fabrairu ko Maris zuwa Oktoba. Abin da ya rage mai kama da ita shi ne tsarin Graham, wanda ya ɗauki kofi da St Helens a 2006, ya zama gwarzon gasar a 2008, ya tafi yana ɗan shekara 26, sannan ya dawo a 2020 ya rufe da wani kofin. Akwai kuma masu tafiya tun kafin a san su, irin su Herbie Farnworth da Dom Young, sai dai wannan caca ce ta daban, domin yaro yana zuwa ne ya yi gogayya da ɗaruruwan yaran da aka haifa a cikin tsarin.

Idan aka nemi shawarata kai tsaye, zan ce ƙaton gaba da ya riga ya samu gurbi tabbatacce a Super League, ya kuma ɗanɗana wasan ƙasa, ya tafi tsakanin shekara 21 zuwa 26, musamman idan ƙungiyarsa ba ta cikin masu takarar kofi ko kuma asusunta na rawa. Mai tsara wasa ko mai bugu da ke babbar ƙungiya, wanda koci ya amince masa har ana maganar ba shi kyaftin, ya fi dacewa ya zauna, sai idan alamar tambayar da ta bi Sinfield abu ne da ba zai iya jurewa ba. Wanda zai tafi kuma ya bincika wa ke riƙe da lambarsa a ƙungiyar da ke nemansa, da shekarun da suka rage a kwantiragin wancan, domin NRL tana da gasar 'yan ajiya a jihohin New South Wales da Queensland, kuma baƙon da bai samu shiga cikin tawagar ranar wasa ba can ake tura shi, inda kocin Ingila ba zai gan shi ba. Ya nemi kwantiragin shekara uku aƙalla, tunda kakar farko ta sabawa ce, ya kuma sa a rubuta masa sharaɗin da zai ba shi damar komawa gida saboda larurar iyali ba tare da rigima ba.